Akwatin Ƙwan Zabi da 'Yar Bakwaini

Ku matso kusa, ku gyara zama. Mai goro a baki ya tauna a hankali, don in na kai ƙarshen labarin nan kowa sai ya buɗe baki ya faɗi abin da ya gani, ba wanda zai tashi da nasa a ciki.

A wani gari da ake kira Kwarin Giginya, can bakin kogi inda fadama ta shimfiɗu har ido ya gaji, an yi wani mutum mai suna Mamuda. Kiwon zabi ne sana'arsa, kuma ya iya. Matarsa Lubabatu, wadda kowa ke kira Luba, tana da aminai uku tun suna makarantar kwana, kuma aure bai raba su ba. Duk Juma'a da la'asar a tsakar gidan Mamuda suke haɗuwa, har ya saba in ya ji shewa daga zaure ya san yau sai dai ya ci tuwonsa a waje.

Ta farko Suwaiba, malamar lissafi a sakandaren 'yan mata. Siririya ce, ba ta da yawan magana, amma in ta sa abu a ranta ko za a kwana ana roƙonta ba ta saki. Ta biyu Ramlatu, mai gyaran wayar salula a bakin kasuwa, wadda hannunta ba ya rawa. Tana liƙa dalma a kan abin da wani sai ya sa tabarau kafin ya gan shi. Ta uku Kubura, 'yar masunta, doguwa kakkaura, mai dariyar da ake ji daga bayan gari. Ita ke da shagon cajin waya, farantan sola a kan rufi, manyan batira a ƙarƙashin tebur.

Wata Juma'a a farkon damina Mamuda ya dawo daga ba zabi dawa, ya tarar da su huɗun sun haɗa kai a kan tabarma, shiru kamar ana rabon gado. Ya leƙa. Wani ɗan allo ne kore a tsakiyarsu, bai fi tafin hannu ba, tsirara ba murfi, da jerin 'yan ƙusoshi a gefensa kamar haƙoran matsefi. Suwaiba ce ta zo da shi daga wani kwas da aka tura malamai birni.

"Wannan kuma cikin wace rediyo kuka farke?" in ji Mamuda.

"Kwamfuta ce, angon Luba," Kubura ta ce. "Tsaya ka sha kallo."

Ramlatu ta ɗauko wata 'yar fitila ja, ƙanƙanuwa kamar ƙwayar dawa, ta haɗa ƙafafunta da biyu daga cikin ƙusoshin nan. Kubura ta jona batir. Suwaiba ta ɗauki wayarta ta salula, wadda da ita take magana da allon, ta rubuta masa umarni 'yan layuka kaɗan: kunna, dakata, kashe, dakata, koma farko. Ta danna.

Sai fitilar ta kawo. Ta ɗauke. Ta kawo. Ta ɗauke.

Kubura ta rangaɗa guɗa har zabi suka watse a bayan gida. Luba, da cikinta da ya fara fitowa, ta riƙe ƙugu tana dariya. Mamuda ya durƙusa bai san ya durƙusa ba. Ba hasken ne ya ba shi mamaki ba, ai ya san tocila. Abin da ya kama shi shi ne ba hannun kowa a kan makunni. Magana aka rubuta, ƙarfe ya ji ya bi.

"Malama, ce mata ta yi sauri," ya ce. Suwaiba ta canza lamba ɗaya, fitila ta shiga ƙifta ido kamar mai jin tsoro. "To ce mata ta yi a hankali." Ta yi a hankali. Ranar tuwon Mamuda a kwano ya huce.

Luba ce ta kawo shawarar. Ta ce ai abin da zai kunna fitila ya kashe da kansa zai iya yin kwanci. Kun san zabuwa, ƙwai sai ta cika daji da shi, amma haƙurin kwanci babu, sai an kai wa kaza, kaza kuwa ƙwai nawa za ta rufe? Nan take suka ɗau aniya. Mamuda ya sa kafinta ya buga akwatin katako mai murfin gilashi. Ramlatu ta jera kayan ciki: ɗan ma'aunin ɗumi kamar ƙwayar wake mai ƙafa uku, ƙwayayen fitilar mota don su ba da zafi, 'yar fanka da ta ciro daga wata matacciyar kwamfuta, 'yar ƙararrawa mai tsiwa, da ɗan inji mai karkata faifan ƙwai. Ta sa wasu makunnai guda biyu masu bin umarni, ɗaya na fitilu, ɗaya na injin. In allon ya ce su kama sai ka ji ƙas, in ya ce su saki ka ji ƙas. Kubura ta kafa farantin sola a rufin ɗakin zabi ta ja wuta. Suwaiba kuma ta zauna ta koya wa allon aikin kaza: ka tambayi ma'auni, in sanyi ya yi ka kunna fitilu, in zafi ya kai ka kashe, lokaci lokaci ka karkata faifai don ƙwai su juya, in abu ya ɓaci ka yi kuka.

Gwajin farko ƙwai suka dahu. Ma'aunin ne aka sa a kusurwar da iskar fanka ba ta kai wa, yana ta cewa da sanyi, fitilu suna ta ci. Mamuda ya ɓare ɗaya ya barbaɗa yaji ya ce ko ba komai sun ƙera tukunya. Suka gyara, suka sake zuba wasu. Tun daga nan Mamuda ya zama kamar mai jego, in ya fita sai ya dawo ya manna hanci a gilashi, yana sauraron ƙas, ƙas. Ran da ya ji ƙwai na farko yana ɗan kuka daga ciki, ya ga ɓawo ya tsage, ɗan baki ya leƙo, da gudu ya fita ba takalmi, ya bi kasuwa yana kiran Ramlatu da Kubura, ya tsaya a ƙofar makaranta yana ɗaga wa Suwaiba hannu ta taga. Kafin la'asar akwati ya cika da tsaki masu zane a ka. Rabin garin sai da ya zo kallo. Tsofaffi suna ta tambaya ina kazar take ɓoye.

Haka aka yi ta yi har marka ta sauka. Ruwa ya yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa, kogi ya cika ya tumbatsa, ya haɗiye fadama, ya tafi da gadar da ta haɗa garin da hanyar birni. A cikin wannan hali, wata safiya da hantsi, naƙuda ta kama Luba, cikinta kuwa wata bakwai ne. Kafin Mamuda ya gama ruɗewa ta haihu a ƙaramin asibitin garin, a hannun ungozomarsu Sista Rahila. Mace ce, 'yar mitsitsiya, ja-jawur, kukanta kamar na ɗan kyanwa.

Sista Rahila ta fito ta same shi a baranda. Ta ce uwa za ta tashi in sha Allahu, amma ta zubar da jini, zazzaɓi ya rufe ta, ba ta ɗaukuwa. Jaririya kuwa numfashinta yana yi yana tsayawa, dole a kai ta babban asibiti yau. Ta riga ta buga waya, motar asibiti za ta jira a ƙetaren ruwa.

"To a tashi mana, Sista! Ga kwale-kwale!"

"Malam Mamuda, ba ruwan ne matsalata ba, sanyi ne. Yanzu a ƙirjin kakarta na ɗaure ta. A cikin jirgi kuwa, da yayyafin nan da iska, duk wanda ya rungume ta sai ya jiƙe, kuma ni dole idona ya kasance a kan ƙirjinta. In sanyi ya kama bakwaini, ba a cika dawo da shi ba."

Aminan nan uku suna tsaye a bayansa. Ba wanda ya san wadda ta fara kallon wata. Mamuda dai ya ji Kubura ta ce, "Akwatin zabi!" sai ya ga ƙafafunsa suna gudu.

Aka kwashe ƙwan da ke ciki aka rarraba wa kajin maƙwabta. Sista ta sa aka wanke akwatin da ruwan zafi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, aka shimfiɗa auduga da zane mai laushi. Batirin solar ɗakin zabi ƙarami ne, ga marka ta hana shi cika, don haka Kubura ta je shagonta ta cire wayoyin salular mutane da ke kan caji, ta sa aka kinkimo babban batirinta. Ramlatu ta ƙara ma'auni na biyu mai doguwar waya, wanda za a manna a cikin jaririya da filasta. Mai kwale-kwale, kawun Kubura, ya riga ya jawo jirgi bakin gaɓa. Komai ya kammala, Mamuda ya sunkuya zai ɗauki akwati.

Sai Suwaiba ta ɗora hannu a kan murfin ta ce ba inda za a je.

Ta ce allon nan har yanzu ƙwai ya sani, bai san mutum ba. In aka sa yarinya a haka, lokacin juya ƙwai na yi zai karkata faifai ya kifar da ita. Kuma ɗumin iska yake bi, alhali Sista ta ce ɗumin fatar yarinya ne abin lura. Ta zauna a kan dakalin asibiti, ruwa na ɗiga daga bakin kwano a gefen hijabinta, ta shiga rubutu. Ta goge umarnin juyi. Ta ce wa allon ya riƙa tambayar ma'aunin fata, shi zai bi. Ta sa masa iyaka, ko fata ta ce da sanyi, in iskar ciki ta kai wani zafi ya kashe fitilu, kada a gasa 'yar mutane. Mamuda yana zagaya ta kamar kazar da aka ɗauke wa tsaki. Da ta ɗago kai ya ce Alhamdu lillahi, ya sake kai hannu.

"Sai na gwada," in ji ta.

"Malama, don girman Allah! 'Yata ce ke mutuwa!"

"Na sani, Mamuda. Shi ya sa."

Ta sa aka kawo mata kwalbar ruwan ɗumi da ta ruwan randa. Ta manna ma'aunin fata a jikin mai sanyi. Shiru, fitilu ba su kawo ba. Ta manna shi a jikin mai ɗumi, sai ƙas, fitilu suka kama ci. A cikin gaggawa ta juya alama ɗaya, inda za ta rubuta "ya gaza" ta rubuta "ya fi". Da an tafi a haka, duk lokacin da sanyi ya kama jaririya allon zai kashe mata wuta ne, yana ganin daidai yake yi. Ta gyara alamar, ta sake gwadawa da sanyi, da ɗumi, ta cire wayar ma'auni don ta ji ƙararrawa ta yi kuka, ta mayar. Sannan ta ɗauke hannunta daga murfin.

Aka kwantar da jaririya, aka rufe gilashi, aka lulluɓe bayan akwatin da leda. A kan wani ɗan gilashi mai nuna lamba da Ramlatu ta maƙala a gefen akwatin, ɗumin fatarta ya fara hawa a hankali, har ya tsaya inda Sista take so. Jirgi ya tashi da su: Sista a gaban gilashi, aminai uku kewaye da akwati, Mamuda a tsakiya yana kwarfe ruwa da ƙwarya, kawu a baya da filafili. Mutanen gari suka cika gaɓa suna ta addu'a da ƙarfi.

Kogin ranar ba kogin da suka sani ba ne. Ja ne, yana tafe da rassan itace da buhunan da ya kwaso daga gonaki. Amma kawu ya san hannunsa, ya bi da su a karkace, kuma daga cikin leda ana jin ƙas, can kuma ƙas, har Mamuda ya fara jin zuciyarsa tana bin wannan sauti. Sun kai tsakiya, inda igiyar ruwa ta fi ƙarfi, sai wani kututture ya daki gefen jirgi. Jirgi ya tangaɗa, ruwa ya watso ya shiga ta ƙarƙashin leda. Fitilu suka ɗauke. Ƙararrawa ta tsala kuka.

Suwaiba ta duba wayarta ta ce umarni lafiya lau, allon yana cewa a kunna. Kubura ta taɓa bakin batir ta ce wuta na nan. Sista ta ce kada wanda ya buɗe murfi, ɗan ɗumin da ke ciki shi ne jarinsu. Lamba kuwa ta fara sauka.

Ramlatu ta kwanta rubda ciki a cikin ruwan da ke ƙasan jirgi, ta cusa kai ƙarƙashin leda inda kayan wuta suke. Ta kasa kunne, ta shinshina, ta ce makunnin fitilu ne ya sha ruwa ya ƙone. Babu wani a jaka. Amma ita ta riga ta tuna da ɗayan makunnin, na injin juya ƙwai, wanda tun da aka goge umarninsa yake zaune ba aiki. Sai dai wayoyin duk da dalma aka liƙe su, ƙarfen narka dalma kuwa yana can shago. Ta zare babbar allurar da ta maƙale ɗankwalinta, ta ce wa kawu ya jefo laitarsa, ta ce Mamuda ya kunna ya kare da tafin hannu. Ta gasa bakin allura har ya yi ja, ta taɓa dalma ta narke, ta zare waya. Allura ta huce, ta sake gasawa. Jirgi yana rawa, iska tana kashe laita, ƙafafun makunnin kuwa kusa da juna suke kamar gashin ido, in dalma ta haɗa biyu allon gaba ɗaya zai iya mutuwa. Mamuda yana kallon yatsunta suna tashi fari inda allura ke ƙona su, amma hannun bai yi rawa ba ko sau ɗaya. Ta ɗauke wayoyin daga mataccen makunni ɗaya bayan ɗaya ta dasa a kan mai ran, kowace a mazauninta, yadda allon ba zai ma san an yi canji ba. Ta ɗago kai ta tofar da guntun dalmar da ta riƙe a haƙori.

Ƙas.

Fitilu suka kawo, haske ya cika gilashi, ƙararrawa ta yi shiru. Kubura ta buɗe baki za ta yi guɗa, Sista ta harare ta, sai ta toshe bakin da hannu biyu tana rawa da kafaɗa. Lamba ta tsaya, ta yi kamar tana shawara, sannan ta kama hawa. Mamuda ya ga 'yarsa ta miƙe ɗan hannu ta naɗe, ya fashe da dariya, hawaye na bin gemunsa.

Suka fita daga igiyar ruwa, suka shiga inda ambaliya ta rufe gonakin dawa. Daga nan har suna hango farar motar asibiti a kan tudu. A nan ne kuma jirgi ya zauna. Dukan kututturen nan ya buɗe wata tsaga a gindinsa, ruwa yana shigowa fiye da yadda ƙwarya ke fitarwa, ga nauyi, ga karan dawa ya riƙe shi ta ƙasa. Kawu ya ce sai an rage kaya, shi da Mamuda su sauka su ja. Akwatin dai an ɗora shi a kan cinyoyin Suwaiba da Ramlatu, ruwa ba zai kai shi ba. Amma batir yana ƙasa, ruwa ya kusa kai bakinsa, kuma shi ne ya fi komai nauyi. In ya nutse wuta ta tafi. In aka cire shi wuta ta tafi. Wayar da ta haɗa shi da akwati kuwa ba ta fi kamu biyu ba.

Kubura ta kwance ɗankwalinta ta naɗa gammo. Ta zura ƙafa cikin ruwa ta gefen jirgi, ruwa ya kai mata ƙirji. Ta ce wa mazan su ɗora mata. Batirin da sai ƙarti biyu suke ɗagawa a shago, shi aka aza mata a ka. Ta dafe shi da hannu ɗaya, ɗaya hannun a bakin jirgi, don in ta yi gaba da taki ɗaya ko ta yi baya waya za ta tsinke. A gonakin nan ta yi ƙuruciyarta, ta san yadda kunyoyi suka kwanta a ƙarƙashin ruwa, don haka ita ce ma ta riƙa faɗa wa masu ja inda za su bi, tana laluben tudun kunya da yatsun ƙafa. Karan dawa ya yanke mata ƙafa, ta ce a ci gaba. Wani wuri ta faɗa rami ruwa ya kai mata haɓa, Mamuda ya ga fuskarta kawai da batir a sama, amma kan bai karkata ba. Ta taka ta fito tana furzar da ruwa, ta ce, "Ku ja mana, ku maza ne ko karan dawa?" Haka suka tafi, jirgi da mace kafaɗa da kafaɗa, daga cikin leda ana jin ƙas, ƙas, har gindin jirgi ya gogi busasshiyar ƙasa. Da aka sauke mata batir sai ta zauna daɓas a cikin taɓo, wuyan ya ƙi juyawa, tana dariya tana kuka.

Da akwatin da batirin aka sa a mota. A babban asibiti likita ta buɗe murfi ta taɓa jaririya, ta ce da ɗuminta ta iso, aka wuce da ita ɗakin bakwaini. Bayan an natsu likitar ta dawo ta durƙusa gaban akwatin, ta yi ta tambayar su yadda suka haɗa shi, har ta kira abokan aikinta su gani. Yarinya ta rayu. Luba ma ta tashi, da ruwa ya ɗan janye aka ƙetare da ita ta je ta rungumi 'yarta.

To, suna ya ƙarato. Luba ta ce wa mijinta ba ta da wani suna a ranta sai na ɗaya daga cikin aminanta, shi ya zaɓa, don ita in ta zaɓa ta ɓata da biyu. Mamuda ya ce wannan ai mai sauƙi ne. Ya kwana yana juyi, gari ya waye bai zaɓa ba. Ya yi dabara ya ce to a sa Rahila, Sista ta ce a'a, ita aikinta ta yi, kuma takwarorinta a garin nan sun ishe ta ɗinkin sallah. Ya ce a haɗa sunayen uku, surukarsa ta ce ba a taɓa yi ba a danginsu, yarinya ɗaya suna ɗaya. Ya tara aminan yana fatan biyu za su janye. Ina! Kowace tana son 'yar nan kamar ita ta haife ta.

Suwaiba ta ce ita ba ta ƙone ba, ba ta jiƙe ba, amma da ta biye wa kukan uba ta ɗauke hannu daga murfin nan, da makunnin Ramlatu da batirin Kubura duk umarnin kisa za su yi wa hidima, kuma ba wanda zai gane sai an buɗe akwati a ƙetare.

Ramlatu ta nuna yatsunta da ke naɗe da bandeji. Ta ce umarni ya yi kyau, wuta tana nan, amma a tsakiyar kogi allon yana ta cewa a kunna ba mai jin sa, har sai da ta haɗa masa hanya da allurar ɗankwali.

Kubura, wadda har ranar sai ta juyo da dukan jikinta in za ta kalli mutum, ta ce su yi ta rubutu su yi ta liƙi, allon da ba wuta ai faifan wasa ne. Ita ta kawo wutar, ita ta ɗauke ta a ka ta ƙetare da ita, kuma ita ta nuna hanya.

Safiyar suna ta yi. Zaure ya cika, an raba goro da dabino, rago yana ɗaure a gindin darbejiya, wanzami ya zauna yana jira. Daga cikin gida ana jiyo muryoyin mata, kuma Mamuda ya san akwai kunnuwa shida da suka manne a jikin ƙyaure. Liman ya gyara rawani, ya karkato da kunnensa wajen bakin Mamuda, ya ce, "Malam Mamuda, wane suna za a raɗa?"



To jama'a, ga liman yana jira, ga rago yana jira. Wadda ta tsare murfi har ta kamo kuskuren da ba a gani, da wadda ta ta da mataccen makunni a tsakiyar kogi, da wadda ta ɗauki wuta a ka ta ratsa ambaliya: a cikin Suwaiba da Ramlatu da Kubura, wace ce ta fi cancanta a yi mata takwara?